IN IDON KAFINTA YA FARA RAUNI, ME YA WAJABA A KANSA?

A wannan wata muna so mu yi shawara tare da ku a kan wata magana wadda ta shafi kowane mai sana'ar hannu, ta kuma shafi kowane mai karatun Littafi Mai Tsarki. Maganar kuwa ita ce, in idon mutum ya fara rauni saboda shekaru, alhali kuwa da idon nan ya ke ci da iyalinsa, me ya wajaba a kansa a gaban Allah da gaban mutane? Ya ɓoye ne, ko kuwa ya faɗa? Ya nemi dabara ne, ko kuwa ya ce rabonsa ke nan ya zauna?

Abin da ya sa muka ɗauko maganar shi ne wani abu da ya faru a wata ƙaramar ikilisiya a ƙasar Gobir, tsakanin Sabon Birni da Isa. Mai labarin ya yarda mu ba da shi, amma ba za mu ambaci sunansa ba. Dattijo ne, shekarunsa sun haura 55. Ya gaji sassaƙa a wurin ubansa, tun yana yaro ya iya riƙe gizago, yana sassaƙa turmin ƙirya da akushi da ƙotar fartanya. Daga baya ya koyi aikin kafinta, yana yin ƙyaure da akwati da gado. Duk bencin da mu ke zama a kai ran Lahadi aikin hannunsa ne.

Wata gwauruwa, mai sayar da ƙuliƙuli, ta tara kuɗi na watanni, ta sayi katakon maɗaci ta kawo masa domin ya yi mata ƙyauren ɗaki. Da aka gama aka kai, sai aka tarar ƙyauren ya gaza da inci guda, iska da ƙura suna shiga ta ƙasa. Dattijon ya juya kan yaron da ke koyon aiki a wurinsa, ɗan ƙanwarsa ne, ya yi masa faɗa a gaban mutane, ya ce shi ya kauce wa layi da zarto. Yaron ya yi shiru, gama yaro ba ya musu da kawunsa. Bayan kwana kaɗan aka sake ɓata wani katako, aka sake ɗora wa yaron. A karo na uku yaron ya tattara kayansa ya koma wurin uwarsa.

Ran nan da dare sai ga dattijon ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Bayan gaisuwa ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce, "Malam, yaron ga ba shi da laihi. Ni na auna, ni na ja layi. Shekara ukku ke nan ban ganin ƙananan zanen tef, sai dai in yi kintace."

Muka ce, "Baba, me ya hana ka faɗa tun da wuri?"

Ya ce, "In gari ya ji idon kafinta ya mutu, wa za shi kawo mai aiki? Kuma na yi addu'a har na gaji, ban ga sauƙi ba. Na ji tsoro kada a ce bangaskiyata ta kasa."

Da muka ji haka sai kunya ta kama mu, domin mu ma shekarunmu sun haura 40, kuma a cikin watan nan muka yi ta gunaguni cewa masu buga littattafai sun ƙanƙanta baƙaƙe, fitila kuma ba ta da ƙarfi kamar da. Ashe ciwonmu ɗaya da shi. Shi ya ɗora wa yaro, mu muka ɗora wa fitila.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN IDO

Ya kamata mu fara sanin abin da ke faruwa, gama rashin sani ya kan haifi tsoro, tsoro kuwa ya kan haifi ƙarya. A cikin idon mutum, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan abu garau kamar gilashi, girmansa bai fi ƙwayar wake ba. A lokacin ƙuruciya yana da taushi. In mutum ya dubi abu na kusa, sai wata 'yar tsoka ta sa shi ya ƙara kauri, in ya dubi nesa sai ya koma yadda ya ke. Da shekaru suka yi ta tafiya sai abin nan ya yi ta tauri, kamar yadda ɗanyen reshe ya kan tanƙwaru amma busasshe ba ya tanƙwaruwa. Wajen shekara 40 zuwa 45 sai mutum ya ga yana miƙa hannu da littafi kafin ya iya karantawa. Wannan ba ciwo ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa horon zunubi ba ne. Yana samun sarki da talaka, mai bi da marar bi, kamar yadda furfura ta ke samun kowa.

Har wa yau ƙofar da haske ke shiga ido ta kan ƙanƙance da tsufa, gilashin nan na ciki kuma ya kan yi ɗan duhu. Masana sun auna sun ga hasken da ke kaiwa cikin idon mai shekara 60 bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke kaiwa cikin idon mai shekara 20 ba. Saboda haka in tsoho ya ce rumfar aiki ta yi duhu, yaro kuwa ya ce da haske, dukansu biyu gaskiya su ke faɗi.

Abin kuwa ba na Gobir kaɗai ba ne. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa mutane fiye da miliyan 800 suna fama da rashin ganin kusa, alhali tabarau kawai su ke bukata.

KO SA TABARAU RASHIN BANGASKIYA NE?

Waɗansu 'yan'uwa suna cewa wanda ya dogara ga Allah ba ya bukatar gilashi a fuska. Su kan kawo misalin Musa, wanda ya kai shekara 120 idonsa bai dushe ba, kamar yadda aka nuna a ƙarshen Kubawar Shari'a. Gaskiya ne. Amma Littafin ya ambaci wannan ne domin abin mamaki ne, ba abin da aka saba gani ba. Ishaku, ɗan alkawari, idonsa ya dushe har bai iya bambanta Yakubu da Isuwa ba. Yakubu kansa da ya tsufa a Masar bai iya ganin 'ya'yan Yusufu sosai ba. Eli firist ya makance da tsufa, haka kuma annabi Ahija. Ba a ce idon ko ɗaya daga cikinsu ya dushe don ƙarancin bangaskiya ba.

Sa'an nan ku tuna da sarki Hezekiya. Ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji shi ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Addu'a da magani suka tafi tare, ba wanda ya kori wani.

Mu tambayi kafinta kansa. Ya taɓa sare ƙirya da farcensa? Ya taɓa buga ƙusa da tafin hannu? Gatari da guduma da zarto duk taimako ne ga hannun da ya kasa. In gizago bai zama rashin bangaskiya ga hannu ba, yaya tabarau zai zama rashin bangaskiya ga ido? Allah ne ya halicci yashin da a ke narkarwa a yi gilashi, shi ne kuma ya ba mutane basirar gano sha'anin haske. Wani masani Balarabe, Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar cewa gani yana samuwa ne ta wurin hasken da ke shiga ido daga waje. Kusan shekara 250 bayansa masu aikin gilashi a ƙasar Italiya suka fara yin tabarau. Kafin wannan lokaci, gwanaye nawa ne suka ajiye sana'a da ƙarfinsu, don ba su ganin bakin aiki? Abin da sarakunan da ba su samu ba, ga shi yau a faifan ɗan koli a kasuwa. Mu a ganinmu, wanda ya ƙi kyautar da Allah ya ajiye a gabansa, yana jiran sai an yi masa al'ajibi, ya fi kusa da gwada Allah bisa ga dogara gare shi.

DABARUN HASKE DA TABARAU

Tun da ya halatta, bari mu faɗi kaɗan daga cikin abin da zai taimaki ɗan'uwa mai aikin katako, da tela, da duk mai aikin kusa.

Na fari, haske. Ka fito da teburin aiki bakin rumfa, ka ajiye aune-aune da jan layi sai da hantsi, sa'ad da haske ya ke da yawa. In da hannun dama ka ke aiki, hasken ya zo ta hagu, domin kada inuwar hannunka ta rufe layin. Kada ka fuskanci rana ko fitila kai tsaye, gama idon tsoho ba ya jimre ƙyalli. In ka shafe bangon shago da farar ƙasa, za ka ƙara haske ba tare da ka sayi kome ba. In fitilar sola ka ke da ita, ka jawo ta kusa: in ka rage nisanta da rabi, hasken da ke sauka a kan katakon zai ninka sau huɗu. In kana so ka ga inda katako bai yi santsi ba, ka kwantar da fitilar a gefe, hasken ya bi fuskar katakon, sai kowane tudu ya yi inuwa.

Na biyu, alama. Fensir ba ya fita a kan jan katako irin maɗaci, sai ka yi amfani da farin alli mai tsini, ko ka ja layin da bakin wuƙa yadda yatsa zai ji shi. Maimakon ka riƙa karanta tef kowane lokaci, ka sami sanda ka yi mata tsaga daidai tsawon da ka ke so, ka riƙa aunawa da ita. Iyayenmu masassaƙa da haka su ke aiki tun ba a san tef ba.

Na uku, tabarau. Kowane yana da lamba a jikinsa. Mai shekara 45 ya kan fara da wajen +1.00 ko +1.50, mai shekara 60 kuwa wajen +2.50. Ka tafi da tef ɗinka ka gwada a daidai nisan da ka ke aiki, domin gwargwadon ƙarfin gilashi, gwargwadon yadda zai sa ka kusantar da fuska. Gilashin ƙara girma yana da amfani wajen wasa haƙoran zarto ko cire sartse, amma kada ka kusanci injin yanka da shi. Kada kuma ka bar shi a rana kusa da ɓawon katako, gama yana tara zafin rana har ya ta da gobara. Ka sani kuma tabaran karatu ba ya tsare ido daga tsinken da ya yi tsalle.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A shekarar 2018 aka ba da sakamakon wani gwaji da aka yi a Assam ta ƙasar Indiya, inda aka ba masu tsinkar ganyen shayi tabaran ganin kusa. Abin da su ke tsinka a yini ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100.

Amma ga gargaɗi. Tabaran kasuwa na ganin kusa ne kawai. In ka ga nesa ma ta yi hazo, ko kana ganin zobe kewaye da fitila, ko ganinka na gefe yana raguwa, to, sai asibiti. Binciken da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, wajen 4 makafi ne, kuma cikin makanta 100, wajen 84 ana iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ita ce kan gaba, ana kuwa cire ta a asibiti a sa wani gilashi a madadinta. Hawan jinin ido kuwa ba ya jin zafi a farko, abin da ya ci kuma ba ya komowa. Kada ka ba da idonka ga masu yawo ƙauye ƙauye suna tura yana da allura, gama binciken nan ya tarar mafi yawan idanun da aka yi wa haka ba su gani. Akwai likitocin ido a asibitin koyarwa na Sakkwato, akwai kuma Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1943.

INDA LAIFIN YA KE

Yanzu mun zo kan gindin maganar. Raunin ido ba zunubi ba ne. Zunubin ya shigo ne sa'ad da aka ɓoye raunin, wani kuma ya biya kuɗinsa. Gwauruwa ta biya da katakonta. Yaro ya biya da mutuncinsa, har ya kusa barin sana'a yana zaton shi ba ya iya kome. Littafin Karin Magana sura 11 ya nuna mana yadda Allah ya ke ƙyamar ma'aunin zamba. Mu kan zaci maganar ta tsaya ga mai awon hatsi da ya bubbuga gindin mudu. Amma idon kafinta shi ne mudunsa na fari. Wanda ya san mudunsa ya lotsa, ya ci gaba da awo bai faɗa ba, ya shiga cikin wannan magana ko da bai yi niyyar cuta ba.

Wani zai ce, "Malam, faɗi yana da sauƙi ga mai albashi. In ya faɗa ya rasa masu kawo aiki, kai za ka ci da iyalinsa?" Wannan tambaya tana da nauyi, ba za mu raina ta ba. Balle a ƙasarmu, inda tun hare-haren 'yan bindiga na 2020 da 2021 mutane da yawa suka rasa gonaki da dabbobi, sana'ar hannu ta zama abin da ya rage musu. Ba za mu yi wa kowa alkawari cewa gaskiya ba ta da tsada ba. Mai yiwuwa ne waɗansu su janye aikinsu. Amma ku duba abu biyu. Na ɗaya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ƙyauren da ya gaza yana nan a ƙofar ɗaki, yana ba da shaida ga duk mai wucewa. Mutane su kan yafe wa kafinta mai tabarau, amma ba su kan koma wurin kafinta mai ɓata katako ba. Na biyu, ba a bukaci mutum ya yi shela a kasuwa ba. Abin da ya wajaba a kansa uku ne: ya nemi gyaran da ya ke iya samu, kada ya karɓi aikin da ya san idonsa ba ya kaiwa sai da mai taimako, kuma in ya ɓata ya ce shi ya ɓata.

ABIN DA YA WAJABA A KAN IKILISIYA

In mun ce ɗan'uwa ya faɗi gaskiya, wajibi ne mu sa gaskiyar ta yi masa sauƙin faɗi. Mu da mu ke yi wa mai sabon tabarau ba'a, muna ce masa ya zama bature, muna da rabo cikin laifin ɓoyewarsa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, gama shekara 40 tana tafe wurin kowa. Ikilisiyar da ta iya tara kuɗin kwanon rufi ta iya tara kuɗin motar dattijo guda zuwa asibiti, ta kuma haɗa shi da saurayin da zai raka shi. In kuwa ana bukatar benci ko ƙyaure, a fara tunawa da shi.

Wata rana kuma tabarau zai kasa, fitila ta kasa. Me ya rage a ranar nan? A cikin Littafin Ƙidaya sura 8, an umarci Lawiyawa su bar aiki mai nauyi in sun kai shekara 50, amma ba a kore su daga alfarwa ba, an bar su suna taimakon 'yan'uwansu. Bezalel, gwanin sassaƙa da Allah ya cika da Ruhunsa a cikin Fitowa, an ba shi baiwa biyu, ta yin aiki da ta koya wa waɗansu. Eli kuma, da idonsa ya dushe, shi ne ya gane cewa Ubangiji ne ke kiran yaro Sama'ila, ya koya masa yadda zai amsa. Tsohon masassaƙi ya kan ƙwanƙwasa gungume ya san ko da rami a ciki, ya shafa katako ya san inda zai tsage. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wannan sani ba a sayensa a kasuwa, in kuwa bai ba da shi ba, da shi za a binne shi.

Mutanen ƙasan nan sun san wannan darasi a tarihinsu. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa ba su zauna suna cewa birninsu yana nan yadda ya ke ba. Suka yarda abin da ya tafi ya tafi, suka kafa Tsibiri, daga baya kuma suka gina Sabon Birni.

Dattijon namu ya tafi gidan ƙanwarsa da kansa, ya kira yaron a gabanta ya ce masa, "Ni na yi maka laihi, ka yafe mani." Ba ƙaramin abu ba ne kawu ya faɗa wa ɗan ƙanwarsa haka a Gobir. Ya sayi wani katako da kuɗinsa ya sake wa gwauruwar ƙyaure. Likita ya duba shi ya ba shi tabarau, ya kuma gaya masa yana ta fara a idon hagu, sai ya riƙa komowa. Mutum biyu sun janye aikinsu, ɗaya bai komo ba har yau. Yanzu in ka bi ta rumfarsa da hantsi za ka tarar yaron yana karanta tef da ƙarfi, tsohon yana riƙe da katako yana gaya masa inda zai sa zarto. Mu ma mun sayi namu tabarau, muka kuma hau bagadi da shi.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko akwai wani rauni da ka ke ɓoyewa, wani kuwa yana biyan kuɗinsa? Wataƙila ba na ido ba ne. Ubangijinmu, wanda mutanen Nazarat suka sani da aikin sassaƙa, ya san gajiyar hannu da ta ido, ba kuwa zai raina wanda ya zo masa da gaskiya ba. Ka je wurin wanda ka ɗora wa laifi tun rana ba ta faɗi ba. Allah ya ba mu haske a ido, ya kuma ba mu gaskiya a zuciya. Amin.